Alƙalin Ɗaki Na Uku

Da guntun zaren ɗinki manne a mayafinta ta shiga ofishin karɓar ƙorafi a kan alƙalai. Mijinta direba ne, kwanansa goma sha biyu da fitowa daga gidan yari, har yanzu in yana cin abinci sai ya kare kwanon da hannu.

Shekara biyu ya yi a tsare, a kan kayan da suka ɓace a motar da ba shi ya tuƙa ba. Alƙalin ɗaki na uku bai taɓa sauraron shari'ar ba. Sau goma sha huɗu yana ɗage ta, har matan da ke zaman jira a benci suka sa masa suna Ɗage. Wata rana ya sa aka kira matar direban ofishinsa, ya rufe ƙofa, ya ce mace kamarta ba ta rasa hanyar fito da mijinta. Ta fice ta bar shi. Ya ƙara ɗage shari'ar wata uku.

Daga baya aka sauya shi. Wani tsoho mai yawan tari ya gaji kujerar, ya shiga tono fayilolin da aka danne, manya na ta gunaguni. A zama ɗaya ya karanta takardun direban, ya ce, "Je ka gida, ɗana."

"Maman yara, a bar kaza cikin gashinta," in ji mijin, da ta ce za ta kai ƙorafi. "Na fito, ya isa."

"Kai ka fito. Ni abin da ya faɗa min bai fita daga kunnena ba."

A bayan magatakardan ofishin, ƙorafe-ƙorafen mutane ne a ɗaure dami-dami, takardun har sun yi ja. Bai ko kalle ta ba ya ce, "Sunan alƙalin?"

"Ban san sunansa ba. Na ɗaki na uku."

Ya ɗago kai. Ya taso da kansa ya jawo mata kujera.

"Ya wadatar, 'yar'uwa. Mun daɗe muna neman wanda zai buɗe baki a kan ɗakin nan."

Shi ya cike mata fom ɗin, ya nuna mata inda za ta sa hannu. Matan benci sun ce sai ta shekara uku ba a waiwaye ta ba. Kwana tara aka kira ta.

Mutum uku ne a bayan dogon tebur. Alƙalin ba ya nan. Sun ce ba a haɗa shi da mai ƙorafi, don kada ya tsorata ta. Ta ji daɗin wannan.

"Alƙalin ɗaki na uku ya kira ki ofishinsa ke kaɗai?" in ji na tsakiyar.

"E."

"Ya rufe ƙofa?"

"E, ranka ya daɗe. Bara ne, lokacin da..."

"E ko a'a kawai. A kan maganar sakin mijinki ne?"

"E."

"An kuma saki mijin naki?"

"An sake shi."

Suka dubi juna, kowa ya rubuta. Har bakin ƙofa aka rako ta, ana yaba jarumtakarta.

Bayan mako guda tana kan keken ɗinki ta ji a rediyo: an kori alƙalin ɗaki na uku saboda zubar da mutuncin shari'a, an kuma soke duk hukuncin da ya yanke. Ta ɗauke ƙafa daga keken ta yi ta kuka. Ranar ta yi girki ta raba wa maƙwabta. Ta ɗinka wa mijin sabuwar riga daidai ramarsa, saboda ya sami motar da zai tuƙa, Litinin zai fara aiki.

Litinin da safe yana sanye da sabuwar rigar, sai 'yan sanda biyu suka yi sallama. Babban cikinsu ya nuna takarda, ya ce an soke sakin, za a mayar da shi. Direban ya miƙa hannuwansa.

Ta tare ƙofa.

"Kuskure aka yi, Yallaɓai. Ni na kai ƙorafin nan. Mutumin da aka kora bai taɓa yanke wa mijina hukunci ba, ɗagewa kawai ya iya."

Ɗan sandan ya gama ɗaura ankwa, sannan ya dube ta.

"Wancan ai tuni aka ɗaga shi kotun sama, baiwar Allah. Wanda kika ce ya rufe ƙofa da ke, tsohon nan ne da ya saki mijinki."