Inuwa a Tagar Misis Pybus

Mutanen layinmu a kudancin birnin Hobart suna cewa hassada ce ta sa Misis Pybus ta yaƙi ginin gida mai lamba tara. Ba haka ba ne, kuma da sun lura da kyau da ba su faɗa ba. Ga yadda abin ya faru.

Filin ƙarami ne, a gangare, babu komai a cikinsa sai tsohuwar bishiyar tuffa. Imogen Bresnehan, mai zanen gine-gine, ta bar babban kamfani don ta tsaya da ƙafarta, wannan ne kuma aikinta na farko. Ba ta taɓa ganin mai filin ba. Lauya ne ke aiko mata da buƙatu a rubuce, da sunan E. Direen: kada a sa matakala ko ɗaya, a kuma yi taga wadda mutum zai hango ƙolin babban dutsen da ke bayan gari daga kan gado. An ƙara da cewa kusurwar kudu tana riƙe ƙanƙara har tsakar rana. Imogen ta yaba da ƙwazon lauyan.

Don a hango dutsen ta saman rufin mutane, dole ginin ya tashi. Idan ya tashi, inuwarsa za ta faɗa kan gidan da ke kudu da shi, inda Misis Enid Pybus, tsohuwar malamar lissafi, take zaune da mijinta Clarrie. Shekara biyu ke nan ba a ga Clarrie a titi ba, sai dai fuskarsa a tagar bene, domin ba ya iya saukowa ta matakala.

Zane na farko ya isa majalisar gari, ƙorafin Misis Pybus ya bi shi da jan biro. Na biyu ma haka. Lauya ya rubuto cewa idan na uku ya faɗi, za a ba wani aikin.

Imogen ta je ta ƙwanƙwasa ƙofa.

"Misis Pybus, takardar lissafin inuwa ta nuna ba za ki rasa komai ba."

"Takarda ba ta jin sanyi, 'yar nan. Wa ya koya miki lissafi? Ki gaya mini in je in yi masa faɗa."

"Mai filin ya gamsu da zanen."

"Mai fili ai daɗin baki ake yi masa. Maƙwabciya mai fitina kaɗai ake auna wa abu da gaskiya. Ranar ashirin da ɗaya ga Yuni, tsakiyar hunturunmu, lokacin da inuwa ta fi tsawo, da tsakar rana, ina son rana a kan tagar kicin ɗina."

"Saboda wata biyu na hunturu?"

"Tagar za ta fi ni daɗewa. Wani zai wanke kwano a nan bayana."

Imogen ta koma ta yage zanen. Ta nutsar da gidan cikin gangaren, ta karkatar da rufin ya sauka ta kudu, ta ɗaga kusurwa guda ta yamma, ta sa doguwar taga a ciki. Bishiyar tuffa ta bar ta a inda take. Daga nan ta kafa sanduna a filin, ta ɗaure allon katako a kansu daidai tsayin rufin, domin rana ta yanke hukunci da kanta.

Ranar ta zo da hadari. Ƙarfe sha ɗaya dutsen ya ɓace cikin gajimare. Wa'adin janye ƙorafi zai cika da yamma, babu inuwa kuma babu hujja. Imogen ta tsaya a jikin shinge, yatsunta sun ƙage don sanyi. Misis Pybus ta fito da rula da agogo, ta buɗe ƙaramar ƙofar shingen ba tare da ta dubi sakatar ba.

"Idan rana ba ta fito ba fa?" in ji Imogen.

"Sai ki jira baɗi."

Saura minti huɗu sha biyu ta cika, gajimaren ya tsage. Inuwar allon ta faɗa kan bangon kicin ɗin, ta tsaya. Misis Pybus ta ɗora rula, ta auna, ta sake aunawa.

"Yatsa biyu ƙasa da taga. Da a aji ne, da na ba ki takwas cikin goma." Ta ɗaga kai sama. "Clarrie, ta ci!"

Aka buga gilashin bene sau biyu.

A ranar ta janye ƙorafin. Kashegari amincewar E. Direen ta iso daga lauya, da jan biro.

Saboda haka ku daina maganar hassada. Idan kuna neman Misis Pybus, wadda sunan mahaifinta Direen, wato ita ce mai filin, kada ku ƙwanƙwasa tsohon gidan. Ku je lamba tara, ku goge takalmanku, ku yi magana a hankali, domin Clarrie yana kan gadonsa yana kallon dutse.