Inna ta Bayan Labule

Zangon karatu ya raba tsakiya, amma ko yaro ɗaya bai taka ofishin Malam Titus don ra'ayin kansa ba. Shi ne sabon malamin ba da shawara a wata firamare da ke Magajiya, cikin Suleja, kuma ya zo da shirinsa tsaf: kujera mai laushi, hoton yara suna dariya a bango, da alewa cike da gwangwani. Alewar dai tana ƙarewa, ta yaya, oho.

Ba mugu ba ne, bakinsa ne ba ya hutawa. In aka taso masa yaro sai ya ce, "Dube ni cikin ido ka faɗi damuwarka." Yaron da aka hora a gida kada ya haɗa ido da babba sai ya ƙura wa takalminsa ido, Malam Titus kuwa ya cike shirun da nasiha har a kaɗa ƙararrawa.

Hedimasta Malam Bamalli bai ɓoye masa ba. "In zangon nan ya ƙare ofishinka wayam, inda ka fito za ka koma." Inda ya fito wani ƙauye ne can bayan Izom, matarsa Lidiya kuma ta riga ta kama rumfa a kasuwar Madalla, ta ce ko da igiya ba mai mayar da ita. Tsoro ya kama shi sosai.

Wata rana da tashin tara ya hangi layin yara a bayan aji shida, bakin tsohon sito. Ya tsayar da wata 'yar aji huɗu mai suna Toyin.

"Wajen Inna muke zuwa, Sa. Ita ba ta katse mutum."

Ashe kishiyar sana'a gare shi a makarantar, ba wanda ya gaya masa! Ya laɓe jikin taga. A tsakiyar siton an rataye tsohuwar tabarma ta zama labule, yaro yakan zauna a kan bulo ya fuskance ta. Chizitere ta zayyana faɗan iyayenta da Inyamuranci. Wani ya kai kukansa da yaren Gwari. Fakhruddeen, wanda ya fi kowa taurin kai a aji biyar, ya faɗi yadda yake fitsarin kwance, da Hausa tiryan-tiryan. Kowanne Inna takan saurare shi, can ta ce, "Mmm." Ba ta tambayar addinin kowa, ba yaren da ya gagare ta, kuma ba ta raina kyauta, ko da ragowar gyaɗa ce aka tura mata ta ƙasan tabarma. Yara sukan fito suna tsalle.

Haushi ya cika Malam Titus. Shi da ya yi kwas har Minna, tsohuwa ta ƙwace masa aiki da "mmm"?

Da aka tashi makaranta ya nufi siton don a yi ta ta ƙare. Ya yi sallama, aka amsa can ƙasa-ƙasa. Ɗakin yana irin warin ɗakin tsofaffin da ba sa buɗe taga, kuma yana jin tana ta taunar abinta a natse, goro ne ko mene ne. Hannunsa ya kai ga tabarmar, sai ya janye. Duk fushinsa, ba a haife shi a gidan da namiji ke ɗaga labulen dattijuwa ba.

"Inna, da wace takarda kike wannan aiki?"

Sai ya ji ƙwas-ƙwas a siminti, kamar ta dogara sanda.

Ya gaji da jira, ya juya zai fita, sai aka ja gefen rigarsa ta ƙasan labule. Ya koma ya zauna a kan bulon. Bai san lokacin da bakinsa ya kwance ba. Ya faɗi tsoron komawa ƙauye, da tsoron Lidiya wanda ya fi shi. Ya faɗi yadda babansa bai taɓa barin sa ya kai ƙarshen magana ba, shi ya sa yanzu in ya fara ba ya iya tsayawa. Ya yi kuka har da majina, ƙato da shi. Inna ta ce, "Mmm," daidai inda ya kamata. Tunda aka haife shi bai taɓa jin zuciyarsa sakayau haka ba.

Washegari a taron malamai ya miƙe, ya gyara wuyan riga. Ya ce shi mutum ne mai gaskiya, ya gwada, an fi shi. Zai koma bayan Izom, Lidiya ta yi abin da za ta yi, amma don Allah a ba Inna ta tsohon sito ofishinsa da kujerarsa, domin jiya ya tone mata cikinsa kaf, kuma bai taɓa ganin ƙwararriya irinta ba.

Malam Bamalli ya cire tabarau, ya dube shi.

"Malam Titus, akuyar matata da nake ɗaurewa a sito saboda ɓarayi kake so in ba ofis?"