Tukwanen Iska Shida

"Ni dai na faɗa miki, da kin kira su jiya da yanzu kaya suna nan!"

"Na kira, Yaya! Sau uku. Suka ce ƙarfe tara."

"To ga tara ta wuce, ta bar ki da baki buɗe."

Mai Sito ta haɗiye sauran maganar. Yaya wanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi ne nas ɗin da ke jagorantar tawagar agajin gaggawa a atisayen yau. A gida tana iya kwaikwayon tafiyarsa har Inna ta riƙe ciki don dariya. A cikin tantin nan kuwa sai dai "to, Yaya".

Atisaye ne, amma jarrabawar ta gaske ce. An ƙaga cewa wata masana'anta ta kama da wuta, an saki hayaƙin wasa, 'yan sa-kai sun zube a fili kowa da katin ciwonsa a wuya. Aikin Mai Sito shi ne duk abin da tawaga ta nema ta miƙa shi cikin minti biyu. Sau biyu tana faɗuwa, kuma ba a zama na huɗu. In ta sake yau, sai komawa shagon ɗinkin Gwaggo, wajen tsinke zare.

Safar hannu, bandeji, ruwan ƙari, duk ta jera su kamar kayan ɗaki. Tukwanen iskar numfashi guda shida ne kawai motar kamfani ba ta kawo ba.

Ba ta da halin leƙawa. Doka ta ce mai sito ba ya tsallake layin allin da aka zagaye teburinsa da shi, ko da kuwa sama za ta faɗo. Wayoyin kowa suna kulle a akwati. Tantin yana can bayan ɗakin ajiya, ba taga, zafi kamar an kife su da kwano. A bakin ƙofa mai jarrabawa ta kafa kujera. Ɗalibai na ce mata Malama Agogo, don ba ta kallon mutum sai abin da ke wuyan hannunta.

Mai Sito ta ɗauki oba-oba, rediyon nan na hannu, ta kira ƙofar shiga. Shiru. Sai ta tuna maigadi ma an roƙe shi ya cika adadi, an ba shi baƙin kati. Yana can kwance ƙarƙashin bishiya a matsayin mamaci, kuma ya ɗauki aikin da muhimmanci.

Masu ɗauka suna ta shigowa da mutane. Wata na kuka "ƙafata, ƙafata" tana riƙe da hannu. Wani ya suma da kyau, amma yana buɗe ido ɗaya ya ga ko ana yaba masa.

Gwaninsu duka wani dattijo ne mai ƙaton ciki da aka kamo tun farko a cikin hayaƙi yana tari yana ɗaga hannu. Aka ɗauka katinsa ya faɗi ne a wajen kokawa, sai Yaya ya rubuta masa ja, na masu tsananin ciwo. An koya musu cewa wanda ya shaƙi hayaƙi yakan rikice ya yi faɗa da masu cetonsa. Yaya da kansa ya sa masa abin tallafe wuya, ya ɗaure shi a gadon ɗauka da maɗauri uku, ya rufe masa baki da hanci da robar numfashi.

"Mmm! Mmmf!" in ji dattijon.

"Sannu, Baba, kana hannun ƙwararru," in ji Yaya da muryar nan tasa ta asibiti. Ya juyo ya harari ƙanwarsa. "Kin gani? Wannan iska yake nema. Ina iskar?"

Aka ajiye shi dab da layin alli. Bututun robar yana lilo, ba tukunyar da za a haɗa shi da ita. Dattijon ya kafe Mai Sito da jajayen idanu, yana nuna aljihunsa da haɓa, gumi na gangara masa cikin kunne. Ita ma gumin take yi. Ta ji kamar su biyun aka ɗaure a gado ɗaya.

Saura minti ashirin a tashi. Ta sake kiran ƙofa. Saura minti goma. Ta dubi layin allin, ɗan siririn abu, taku ɗaya ya isa ta wuce shi, ta ruga ta duba hanya. Malama Agogo ta ɗaga biro ba tare da ta ɗaga kai ba. Mai Sito ta mayar da ƙafarta.

"Baba, yi haƙuri," ta raɗa masa. "Wallahi in na kama direban nan sai ya gane kurensa."

Dattijon ya yi wata irin zabura har gadon ya yi ƙara.

Usur ya tashi. Matattu suka miƙe suna kakkaɓe jiki. Malama Agogo ta ja dogon layi a gaban sunan Mai Sito, sannan ta fara kiran 'yan sa-kai ɗaya bayan ɗaya. Goma sha biyu ne a takardarta, duka suka amsa. Ta dubi gadon da ke gefen alli, karon farko da ta dubi mutum a ranar.

Yaya ya kwance maɗauran. Ya cire robar.

"Bawan Allah," in ji Malama Agogo, "kai kuma wane ciwo aka ba ka?"

Dattijon ya tashi zaune, ya murza wuya, ya zaro wata jiƙaƙƙiyar takarda daga aljihu.

"Alhamdulillahi, na ji sauƙi. Sai dai a taimaka a sa mini hannu, tukwane shida ne, suna mota a bakin ƙofa tun tara saura kwata, ko kashe ta ban yi ba."