Awarwaron Nomau

Tun da hukuma ta karɓi rabon ruwan sama, garin da bai kai mutum ɗari ba, ba a turo masa hadari. Da wani awarwaron hannu mai na'ura ake ƙirga mutane, muddin yana jin ɗumin jiki. Tungar Gamji, wadda a da ake kwana uku ana jidar geronta, ta koma mutum ɗari cif. Sai ɗaya daga cikinsu, Nomau, ya rasu, gero na fitar da kai.

Kafin a yi masa wanka, Mai unguwa Jatau ya zare awarwaron ya ɗaura wa akuyar gidan a ƙafa. Matar marigayin, Tabawa, ko zaman makoki ba ta yi ba. Kullum da safe takan ja akuyar zuwa gona, daidai lokacin da mijinta ya saba fita.

Ran Talata ruwa ya sauko. Jatau ya tarar da su a bakin gona, sun jiƙe sharkaf.

"Tabawa, ya mai gidan?"

"Da sauƙi. Ya ci dusa, amma yana tari."

Jatau ya tuɓe rigarsa ya lulluɓe akuyar. Tabawa ta matsa ta tare mata iska.