Wankan Hajiya Maijidda

Ku ji min yara da bakin tambaya! Kun tare jikar Dije a bakin rafi kun kira ta jikar mai aragi, an kawo ƙararku, kuma ku ne masu ce mini, "Habboba, ai gaskiya muka faɗa, don me za a duke mu?" Lukman, rufe min baki. Tunda kun tambaya, ku zauna ku ji, ba na maimaitawa.

Ranar da kakarku Hajiya Maijidda ta rasu, ubanku Sodangi yana tsaye a zaure cikin farar jallabiya, yana karɓar gaisuwa kamar a kansa aka fara mutuwa. Kun san ubanku. Ba ya iya sayen tumatir a kasuwar Sinnar sai ya gaya wa mai tumatir cewa kakan kakansa da ƙafa ya taho daga Sakkwato. Uwarsa kuwa, kakar taku, 'yar malaman garin Madani ce. Haka yayana ya faɗa ranar da ya auro ta ya kawo ta garin nan, kuma babu wanda ya taɓa zuwa Madani ya tambaya.

Wa ma zai tambaya? Rabin matan garin nan a gabanta suka koyi Fatiha. Ko ciwon baya ya kwantar da ita ba ta yarda a shafa mata magani, mutane suka ce kunya ce. Da azumi da ruwa take buɗe baki, dabino ko warinsa ba ta so, suka ce gudun duniya ne.

Sai Liman Muntari ya ja ubanku gefe ya gaya masa wasiyyar da ta bari. Guda ɗaya ce tak: Dije ce za ta yi mata wanka.

Ubanku ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Dije fa! Ba a san ubanta ba, a motar masu tsinkar auduga ta zo, ta shekara ashirin a bayan gari tana dafa aragi, giyar dabino. Ta tuba tun kafin a haife ku, ba ta sake rasa sallar asuba ba, amma mutanen garin nan sun fi mala'iku riƙo. Allah ya shafe, su ba su shafe ba. In ta sha ruwa a gidan biki, a kan idonta ake wanke kofin. Kakarku kaɗai ke aika mata da kisra, wainar dawa, kowace Juma'a, aka ce sadaka ce.

"Hannun da ya dama aragi ba zai taɓa uwata ba," in ji ubanku. Ya tura raksha, keke mai ƙafa uku, zuwa Sinnar a ɗauko Hajiya Ruƙayya, mai wanke gawar manya. Ita kuwa Ruƙayya, kafin a dawo daga maƙabarta duk gari ya san haƙora nawa suka rage wa mamaci.

Rana ta take, an gama haƙa kabari, mata sun fara fifita a kan gawa. Liman bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Ruƙayya ta yi wanka, kai kuma ka yi salla. Ni ba na tsallake wasiyya."

Ubanku ya haddace kakanninsa goma sha biyu a jere, amma kabbara nawa ake yi wa gawa, wannan bai tabbata ba. Ya dubi sahun mutane, ya dubi rana, ya saka takalmi ya tafi bayan gari da ƙafarsa.

A ƙofar ɗakinta ya tarar da Dije, ta yafa mayafi, ga sabulu da ganyen magarya a ƙulle a cinyarta.

"Ka daɗe, ɗan Sakkwato," ta ce. "Uwarka ba ta son jira."

Ya yarda, amma da sharaɗi: goggonsa ta shiga ta sa mata ido. Goggon ni ce. Aka miƙa mini buta.

Dije ta tura ƙofa, ta toshe kafar taga da tsumma. A hankali take wankan, tana yi tana yi wa gawar magana ƙasa-ƙasa. Da muka juya ta kan gefenta, buta ta kusa kuɓuce mini.

"Zuba ruwa," in ji Dije. "Ba kallo aka kawo ki ba."

Ta rufe ta ruf, ta ɗaure likkafani da hannunta. Da muka fito ubanku ya tare ni, wai ta yi daidai? Na ce ban taɓa ganin wanka mai tsabta irin wannan ba. Ya gyaɗa kai, ya sa aka jefar da butar.

Waɗanda suka ɗauki makara sun rantse ba su ji nauyi ba, kamar tana jan su ne zuwa kabarin. Ubanku ya share hawaye ya ce, "Jini ne." Har gobe haka yake faɗa, kuma Dije ba ta taɓa gyara masa ba, don mai wanka ba ta faɗin abin da ta gani.

To, ni ba mai wanka ba ce, buta na riƙe. Ku tashi ku kwanta, kada in ji tarin kowa. Kuma duk wanda bakinsa ya sake yi masa ƙaiƙayi a kan jikar Dije, ya tuna cewa gadon bayan kakarku duk tabon bulalar da ake yi wa masu aragi ne, ita ce ma ta koya wa Dije dafa shi.