Kunyoyin Gonar Shago

Baba Levi ba ya barin kuskure ya wuce shi a ajin yaƙi da jahilci. Malamar da aka turo musu daga Bacirawa kuwa, Allah Ya zuba mata tuntuɓen harshe. Sai ta ce bakwai a ɗebe uku saura biyar, ya yi zumbur ya gyara mata. Ta yi godiya har da rusunawa, kansa ya ƙara kumbura. Wata uku ana haka.

Mutumin nan mugu ne, ba sai an saya masa ba. Tun da maƙwabcinsa Shago ya rasu, matarsa ta bar garin da goyo a baya, kowace damina sai garmar Levi ta lashe kunya guda daga gonar mamacin. Kowa ya sani, shaida ce babu. Har rantsuwa ya yi gaban dagaci cewa shi bai taɓa sanin faɗin gonar ba, yadda take yau haka ya gan ta.

Ranar rufe aji dagaci ya zo kallo. Malama ta ce lissafin manomi a gona ake gwada shi, ta ja su zuwa 'yar gonar Shago, wai ita ce kusa.

Ta tuna musu sunaye ukun da ke cikin ɗebewa: asali, abin da aka ɗebe, da saura. Aka ƙirga kunyoyin, ashirin. Ta ce to ga saura. Asali kuma, ta ji an ce ashirin da biyu ne.

Bakin Levi ya yi ƙaiƙayi, ga dagaci yana kallo.

"Haba Malama, wa ya faɗa miki? Hamsin ne cif, tun daga tsamiyar can. Da ni aka yi huɗar."

Tsamiyar tana tsakiyar geron Levi. Dagaci ya dubi tsamiyar, ya dawo ya dube shi. Gumi ya karyo wa tsohon, ya shiga laluben hularsa alhali tana kansa.

A hankali Malama ta tambaye shi abin da aka ɗebe nawa ne ke nan.

"Talatin ne, Baba," in ji ta. Sannan ta durƙusa gaban dagaci. "Ranka ya daɗe, ka ji da kunnenka. Sunana Jemima Shago, gonar ubana na zo karɓa."