Tambarin Laima

Tulu na uku Rajmati ta ɗora a ka lokacin da ta lura lasifikoki sun yi shiru. Ranar zaɓe ce. Mako uku motoci suna zagaya ƙauyen suna kwarara alkawura, har shanu sun daina firgita.

Hanyar tafki ta gaban famfon tuƙa-tuƙa take bi. Shekara huɗu ke nan da aka buɗe shi da ganguna da furanni, Mangilal, mai faɗa-a-ji a ƙauyen, ya yanke ƙyalle, ya yi jawabin awa guda cikin rana. Kwana tara famfon ya yi yana ba da ruwa. A takardun gwamnati kuwa an gyara shi har sau uku, kowa ya san haka, kowa kuma ya san watan da Mangilal ya ɗora bene. Yanzu hotonsa aka liƙa a jikin famfon, da gashin baki kamar ƙahon ɓauna, da tambarin laima a ƙasa.

A bango na gaba Harji ne mai fasa dutse, da tambarin tsani. Shi ma da nasa gashin bakin, shi ma famfo ya yi alkawari. Rajmati ta san Harji tun yana satar akuyoyi, ba ta sa ran komai a wurinsa.

A bakin tafki mata suka matsa mata, hira ta mutu. Sugna ce kaɗai ba ta motsa ba. Tare aka kawo su ƙauyen nan suna amare, shekara talatin suna raba gishiri da gulma. Da daminar bara jikar Sugna ta sha ruwan nan, ta yi kwana biyu tana gudawa, ta tafi. Tun ranar Sugna ba ta ƙara taka ƙofar Rajmati ba.

"Ranki ya daɗe," in ji Sugna, ba ta ko ɗago ba. "Ke ma shi kike ɗiba? To a sha lafiya."

"Haba Sugna, ni na..."

"Ke ba ki yi komai ba, Yaya. Ai abin ke nan."

Rajmati ta cika tulunta. Ta goga babban yatsanta da yashi kamar yadda ta saba, amma shuɗin tawadar nan ba ya fita, ya riga ya shiga fata. Ta tura hannun cikin mayafi. Ta gaji, gajiyar da ba ta ƙafa ba.

Da ta koma gida ta tarar maigidanta yana karya gurasa a tsaye, waya a kunne.

"Ke, laima fa," ya ce. "Kada ki je ki yi min shirme. Wancan karon da ƙuri'a biyu aka ci, kin ji ko? Biyu!"

Ta ce ta ji. Duk abin da ya miƙo mata a shekarun nan haka take cewa.

A makarantar firamare layin mata ya kai bakin titi. Ɗan sandan da ke ƙofa ya gyara tsayuwa, ya nuna mata ta wuce gaba. Ta ƙi, ta bi layi a bayan Sugna. Awa biyu suka yi cikin rana. Rajmati tana ta kallon ƙeyar ƙawarta, tana tuna yadda jikar nan da ta rasu take kiranta kaka ita ma.

Malamin zaɓe ya ɗiga mata tawada a farce, ya ba ta takarda da hatimi. Ta shiga bayan kwali. A nan dai babu maigida, babu lasifika.

Ta san tsani ba zai kawo ruwa ba. Ta kuma san idan laima ta faɗi da ƙuri'a ɗaya, gidansu ba zai zaunu ba, don maigida ba ya yafe irin wannan. Ta danna hatimin a kan tsani, ta ƙara dannawa da ƙarfi don kada a ce bai fito ba.

Kafin ta naɗe takardar ta sake dubanta. Babu sunan mai gashin baki ko ɗaya a ciki, domin doka ta ware shugabancin ƙauyen nan ga mace, sai mazan suka tsayar da matansu, suka liƙa nasu hotunan. Ba ta iya karatu ba, amma kalmar da ke gefen laimar ta san siffarta sarai, tunda shekara biyar Mangilal yana kama yatsanta yana dangwala shi a ƙarƙashinta: Rajmati, matarsa, shugabar ƙauye.